Dare bakwai a Bahar Rum: jirgin ya yi, takardar sharuɗɗan ce ta ci mana kuɗi

Wannan ce tafiyata ta uku a jirgin ruwan shaƙatawa tare da kamfani ɗaya, kuma ita ce ta farko da na zauna na karanta takardar sharuɗɗansu tun daga shafin farko har na ƙarshe. Sai dai na karanta ne bayan aikin gama ya gama. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don daga baya na duba takardun wasu manyan kamfanonin, na tarar duk kanwar ja ce, bambancin bai wuce na kwanaki da adadin kuɗi ba.

Mu huɗu muka shirya tafiyar: ni da maigida a ɗaki ɗaya, Yaya da autarmu a ɗaya. Jirgin zai tashi daga Barcelona, ya tsaya Marseille, Genoa, Civitavecchia da Napoli, ya yi yini guda a tsakiyar teku, ya biya ta Palma, sannan ya dawo inda ya tashi. Wata takwas kafin ranar muka biya kafin alƙalami, muka zaɓi farashin da ya fi sauƙi a shafin. A ƙarƙashinsa akwai wani ɗan rubutu da ke cewa wannan kafin alƙalamin ba ya dawowa. Na gani, na wuce, don a lokacin ba wanda ke da niyyar fasawa.

Farashin da ake lanƙayawa da manyan lambobi na mutum ɗaya ne, amma da sharaɗin mutum biyu za su kwana a ɗakin. Wannan ɗan sharaɗin shi ne ginshiƙin cinikin gaba ɗaya, kuma shi ya kayar da mu. Bayan mun yi rajista da kamar wata biyu auta ta samu juna biyu. Likitarta ta ce lafiyarta ƙalau, za ta iya tafiya. Muka cika sauran kuɗin wata biyu kafin tashi, kamar yadda aka gindaya. Saura kwana arba'in, ina cike mana takardun shiga jirgi ta intanet, na ci karo da tambayar: shin akwai wadda cikinta zai shiga mako na 24 kafin tafiyar ta ƙare? Auta za ta kasance a mako na 26. Na buga musu waya ina tsammanin takardar likita za ta warware komai. Matar da ta ɗauka ta yi min magana cikin ladabi sosai, ta ce babu takardar da ke ɗage wannan doka. Asibitin cikin jirgi ba shi da kayan kula da bakwaini, kuma in naƙuda ta zo a tsakiyar teku, tudu na iya yin nisan sa'o'i da yawa. Kusan duk manyan kamfanoni a nan suka ja layi, kamar yadda ba sa ɗaukar jaririn da bai cika wata shida ba, a tafiyar tsallake Tekun Atlantika kuwa sai ya shekara.

Dokar ba ta ba ni haushi ba, tana da hujja. Abin da ya ƙona min rai shi ne inda aka ajiye ta. Lokacin karɓar kuɗi ba wanda ya tambaye mu, sai da kuɗin suka shige tas tambayar ta fito. Tarar fasawa kuwa hawa-hawa take: da nisa kafin alƙalami kawai za ka rasa, in rana ta matso rabi, sannan kashi uku cikin huɗu, makonni biyun ƙarshe kuwa ko sisi ba za a mayar maka ba. Mu a matakin rabi muka faɗa. Tsugune ba ta ƙare ba, don yanzu Yaya ta zama ita kaɗai a ɗakin mutum biyu, sai aka ce ta cika kuɗin zaman kaɗaici. Akwai mafita guda, wato mu sauya sunan auta da na wani a biya ɗan kuɗi kaɗan, amma wa zai samu biza cikin wannan ƙurarren lokaci? Biza da fasfo kuwa takardar ta ce nauyin fasinja ne ɗungurungum. In ka iso tasha fasfonka bai da sauran wata shida, ko bizarka ba irin wadda ake buƙata ba ce, za a bar ka a bakin ruwa kuma ba a mayar maka da komai.

Da mun sayi inshorar fasa tafiya tun ranar farko, wataƙila da zafin ya ragu. Wadda muka saya ta rashin lafiya ce kawai. Wannan laifinmu ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Da na shiga karatun takardar da gaske, na ga abubuwan da tafiya biyu ban san na amince da su ba. Kamfani na da ikon sauya tasha, ya soke ta, ko ya juya hanyar gaba ɗaya saboda yanayi ko tsaro, ba tare da ya biya diyya ba. Jirgin da kake ciki sau da yawa ba tutar ƙasar kamfanin yake ɗauke da ita ba, za ka ga ta Bahamas, Panama, Malta ko Bermuda. In kuma rigima ta kai kotu, takardar ce ke zaɓa maka kotun. Wannan ba barazanar baka ba ce. A 1991 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin jiragen ruwa na Carnival da wata mata daga jihar Washington wadda ta zame ta faɗi a cikin jirgi, ta ce tilas ta je Florida ta kai ƙara, tunda haka aka rubuta a tikitinta, ko da kuwa ba a zauna an yi ciniki da ita kan wannan sharaɗin ba. A Turai akwai Yarjejeniyar Athens ta 1974 da gyaran da aka yi mata a 2002, wadda ta tsara alhakin mai jirgi in fasinja ya ji rauni ko kayansa suka lalace, amma ita ma ta sa iyaka ga abin da za a biya.

Na ga aikin wancan sharaɗin na sauya tasha da idona. Daren da za mu nufi Palma iska ta taso, da asuba kyaftin ya yi sanarwa cewa ba zai iya shiga tashar lafiya ba, za mu ƙara yini a teku. Palma ce Yaya ta fi ɗoki. Abin da aka dawo mana da shi kuɗin tashar ne kawai, 'yan yuro kaɗan a cikin asusun ɗaki. Waɗanda suka sayi yawon gari ta hannun jirgin an mayar musu da kuɗinsu nan take. Wasu ma'aurata da muke cin abinci tebur ɗaya sun biya wani mai mota a waje tun kafin su taso, su kam sai haƙuri.

To, jirgin kansa fa? Nan ba ni da ta cewa. Ɗakinmu mai baranda ne a hawa na goma, ba shi da faɗi amma an san yadda aka tsara shi, akwatuna suna shigewa ƙarƙashin gado. Saurayin da ke gyara mana ɗaki ya riƙe sunayenmu tun ranar farko, ya lura Yaya ba ta son sanyin na'ura sai ya riƙa ajiye mata ƙarin bargo ba tare da ta roƙa ba. Abincin babban ɗakin cin abinci ya fi na wurin ɗiba da kanka nesa ba kusa ba, wurin ɗiban kuwa da rana cunkoso ne kamar ana rabon gado. Tsafta goma bisa goma. A ƙofar kowane wurin cin abinci akwai mai tsayawa yana tura mutane wanke hannu, kuma ba don ado ba: cutar amai da gudawa ta norobairos tana son wurin da dubban mutane ke taɓa cokalin ɗiba ɗaya. Wanda ya kamu ana killace shi a ɗaki har sai ya kwana ɗaya ko biyu ba alama. Ganin likitan jirgi kuma ba ya cikin kuɗin tikiti, kuɗi ne daban, masu nauyi.

Dokokin cikin jirgi su ne mutane suka fi gunaguni a kai, ni kuwa su na fi yarda da su. Ranar shiga akwatina bai iso ɗaki ba har magariba. Sai ga takarda a ƙarƙashin ƙofa, wai in sauko hawa na ƙasa wurin masu tsaro. Na tarar da layin mutane, kowa ya sunkuyar da kai kamar ɗaliban da aka kama da laifi. Aka ce in buɗe. Ɗan ƙaramin dutsen gugana na tafiya ne, wanda tafiya biyun baya ban ɗauko ba. Aka karɓe, aka ba ni rasit, aka ce in karɓa ranar sauka. Na ce wa jami'in, "Ɗan wannan abin?" Ya ce abin da matuƙa suka fi tsoro a teku wuta ce, ba ruwa ba. Dutsen guga, butar lantarki, kyandir, turaren wuta, igiyar ƙarin soket mai na'urar kare ƙarfin wuta, duk haramun ne. Taba kuwa sai a wuraren da aka keɓe, a baranda sam, kuma tarar tana da zafi, har ana iya sauke mutum a tasha ta gaba ya nemi hanyar gida da kuɗinsa. Wanda ya san abin da ya faru da jirgin Star Princess a watan Maris na 2006 ba zai yi musu ba. Gobara ta tashi a baranda da dare a kan hanyarsa ta zuwa Jamaika, masu bincike suka fi zargin guntun sigari, ta cinye ɗakuna masu yawa, fasinja ɗaya ya rasu.

Haka ma atisayen ceto. Kafin jirgi ya motsa dole kowa ya san wurin taruwarsa, ya san yadda ake sa rigar ceto, ya kuma gane ƙarar gaggawa: busa bakwai gajeru, ɗaya doguwa. A da doka ta yarda a yi shi cikin sa'o'i 24 bayan fasinjoji sun hau. Sai jirgin Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya ranar 13 ga Janairun 2012, mutum 32 suka mutu, kuma ɗaruruwan da suka hau a Civitavecchia a wannan yammacin ba a riga an yi musu atisayen ba. Daga nan Hukumar Sufurin Ruwa ta Duniya da ke Landan ta gyara dokar SOLAS ta kare rayuka a teku, aka wajabta yin sa kafin tashi ko da zarar an tashi. Yanzu an sauƙaƙa, za ka kalli bidiyo a waya ko talabijin ɗin ɗaki, sannan ka taka da ƙafarka zuwa wurin taruwa a duba katinka. Maigida ya so ya yi nawa, sai muka ji ana kiran lambobin ɗakunan da ba su je ba a lasifika. Bai jira an kai ga namu ba.

Dokar da ta kusa sa ni hawan jini ita ce ta lokacin dawowa. Civitavecchia tashar birnin Rum ce, amma tsakaninsu akwai kusan kilomita 80. Yawon da jirgin ke sayarwa ya ninka na zuwa da kanka sau da yawa, sai muka hau jirgin ƙasa, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintoci. Zuwa lafiya lau. A dawowa jirgin ƙasan ya tsaya a wata tasha ya ƙi motsi kusan minti arba'in. An rubuta a ƙofar fita cewa kowa ya kasance a ciki rabin sa'a kafin tashi, kuma da agogon jirgi ake aiki. Ƙa'idar a fili take: in motar yawon jirgin ce ta makara, ana jiranta, in kai ka fita da kanka, ba a jiranka, sai ka bi shi zuwa tasha ta gaba da aljihunka. Yaya ta riƙe hannuna tana ta salati, tana cewa, "Ke kika ce mu yi tattali, ga tattalin nan." Mun shiga saura minti goma sha biyu, mutanen da ke barandunsu suna mana tafi. Na ji kunya ƙwarai, amma in za a sake, jirgin ƙasan zan sake hawa, sai dai in baro Rum da sa'a biyu a hannu. A Genoa da Napoli kuwa jirgi a bakin gari yake tsayawa, sayen yawo a wurinsu asarar kuɗi ce.

A cikin jirgi ba a taɓa tsabar kuɗi. Katin ɗakinka shi ne makulli, shi ne shaida, shi ne jaka, kuma wannan dabara ce, don wanda bai ga kuɗi na fita daga hannunsa ba bai san yana kashewa ba. Kowane dare ana cire tukwicin ma'aikata kai tsaye, mu yuro 12 kowane mutum. A jiragen da ke tashi daga Amurka abin yakan kama daga dala 16 zuwa 20. Ban ƙi ba ko kaɗan, ma'aikatan nan suna yin watanni ba su ga iyalinsu ba, suna aiki kullum ba ranar hutu. Abin da na ƙi shi ne a kira shi tukwici alhali albashi ne aka ɓoye daga farashin talla. Kunshin abin sha ma akwai tarko: in mutum ɗaya ya saya, dole duk manyan da ke ɗakin su saya. Mun lissafa kofunan shayi da lemon da za mu iya sha a rana, muka ga ba za mu ci riba ba, muka bari. Intanet ɗinsu ya inganta sosai kan na tafiyata ta farko, tun da jirage suka koma amfani da intanet ɗin tauraron ɗan'adam na Starlink, amma kuɗinsa na kowace na'ura ne. Wayarka kuma ka sa ta a yanayin jirgin sama da zarar an bar gaɓa, in ba haka ba za ta kama layin teku na tauraron ɗan'adam, kuɗin da za a caje ka sai ka riƙe baki. Sauran ƙananan dokokin ba su dame ni ba: ba a shiga babban ɗakin cin abinci da kayan iyo, tawul ɗin da ka ɓatar za ka biya, kujerar bakin ruwa da ka ɗora wa littafi ka tafi fiye da rabin sa'a ana iya kwashe kayanka. Wannan ta ƙarshen a takarda kawai take, ban ga an taɓa kayan kowa ba.

Sai maganar kulob ɗin fasinjojin da suka saba tafiya da kamfani, wanda shi ne dalilin da ya sa ban ko duba wani kamfani ba lokacin yin rajista. Kowane kamfani na da nasa: Royal Caribbean na da Crown & Anchor Society, Norwegian na da Latitudes Rewards, Princess na da Captain's Circle, MSC na da Voyagers Club. Tsarin ɗaya ne, ka tara maki ka hau mataki. Na Royal Caribbean ya fi sauƙin lissafi, maki ɗaya kowane dare, biyu in babban ɗaki ka kama ko kai kaɗai ne. Matakin Gold daga maki 3, Platinum 30, Emerald 55, Diamond 80, Diamond Plus 175, Pinnacle 700. Amfanin da za a kira amfani daga Diamond yake farawa, inda ake ba da abin sha huɗu kyauta kowace rana. Yi lissafi da kanka: mai tafiyar dare bakwai a ɗaki na talakawa sai ya yi tafiya goma sha biyu kafin ya kai can. Pinnacle kuwa tafiya ɗari.

Ni a nawa kamfanin, bayan tafiya biyu, abin da na tarar a ɗaki shi ne katin barka da dawowa, ɗan ƙaramin baji na maƙalawa a riga, takardar rangwamen hoto, da gayyatar liyafar da aka yi lokacin muna Rum muna tseren jirgin ƙasa. Akwai rangwamen 'yan kashi kaɗan a kan tikiti, wanda da na duba daga baya na ga wani kamfanin yana sayar da kusan wannan hanyar a wannan makon da rahusar da ta fi shi. Lokacin da nake roƙonsu kan maganar auta na ambaci cewa ni 'yar kulob ce. Matar ta taya ni murna, ta ce sharuɗɗan fasawa ɗaya ne ga kowa. Nan na gane matsayina. Matakan ma ba gado ba ne, kamfani na iya sauya su duk ranar da ya ga dama, kuma hakan na rubuce. A 2025 Carnival ya sanar zai sauya tsarinsa daga ƙirga kwanaki zuwa duba yawan kuɗin da mutum ya kashe, mutanen da suka shekara da shekaru suna tara kwanaki suka yi ta kumfar baki. A ɗaya ɓangaren kuma MSC na karɓar matsayin da kake da shi a wani kamfanin jirgi ko otal ya ba ka makamancinsa a wurinsa, kuma tun 2024 Royal Caribbean, Celebrity da Silversea suna amincewa da matakan juna, tunda uwarsu ɗaya. Wato abin da nake riƙewa da hannu biyu, wani na ba da irinsa a bakin ƙofa.

Ba na cewa kulob ɗin banza ne. Mun haɗu da wata dattijuwa a jirgin wadda ta ce ta daina ƙirga tafiye-tafiyenta, ana mata wanki kyauta, tana shiga jirgi ta layi na musamman, ma'aikata suna gaishe ta da suna. Ga irinta ya biya. Ga mai tafiya sau ɗaya a shekara biyu kamar ni, ya yi rajista tunda kyauta ce, amma ya zaɓi jirgi da hanya da farashi, kuma ya ƙara ɗan abin da ake nema ya ɗauki farashin da kafin alƙalaminsa ke dawowa. In za a ce in ba da maki cikin biyar, ma'aikata da tsafta biyar, abinci huɗu, dokokin tsaro biyar duk da dutsen gugana, bayyana gaskiyar farashi biyu, kulob biyu.

Daren ƙarshe ana ajiye akwatuna a bakin ƙofa da tambari mai launi, launin ne ke nuna lokacin saukarka. Tare da tambarin aka zuro mana takardar tayi: in muka biya kafin alƙalamin tafiya ta gaba kafin mu sauka, za a zuba mana kuɗin kashewa a asusun ɗaki. Na miƙa wa Yaya, ta juya bayan takardar ta fara karanta ƙananan rubutun da tabarau, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Da safe na je karɓar dutsen gugana, na tarar da tebur guda cike da su, sun fi talatin, kowanne da lambar ɗaki a maƙale. Kwana uku da komawarmu saƙo ya shigo cewa saura min dare tara in hau mataki na gaba. Maigida ya ce, "Me ake samu a can?" Na duba, na ce masa wankin kaya jaka ɗaya.